Tsanin Rumbun Iri

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau kwana arba'in da rasuwar mahaifina, kuma har yanzu ban yi masa irin kukan da mutane ke jira in yi ba.

Ranar da aka kai shi, ƙofar gidanmu ba ta ɗauki jama'a ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har gindin gawon masallaci. Na Alela sun zo bisa jakuna da amalanke. Abokan aikin yayana na izin siminti, wato masana'antar, sun sauko daga bayan babbar motar kamyo fari fat, ko wanka ba su tsaya yi ba. Har wani tsohon Bafillace ya taso daga wajen Konni, ya ce shekara biyu yana cin hatsin da ya fito daga irin mahaifina, bai taɓa ganin fuskarsa ba. Ni ina cikin gida tare da mata, katanga ɗaya ce tsakaninmu da maza, duk abin da suke faɗi yana shigo mini kunne.

Magana ɗaya suke ta juyawa. Wannan ya ce, "Shi yar riƙe garin ga." Wancan ya ce, "Ba don shi ba, da yanzu muna Sakkwato muna roƙo." Liman, wanda suka taɓa yin faɗa da shi har aka shiga tsakani, ya ɗaga hannu zai yi addu'a murya ta ƙi fita, sai da na kusa da shi ya karɓa. Duk gaskiya suka faɗa, ban ƙaryata ko ɗaya ba. Amma wallahi so na yi in toshe kunnena.

Mata kuwa tasu maganar daban ce, ƙasa-ƙasa suke yin ta, suna satar kallona. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ba ta iya raɗa ba, kowa ya ji ta: "Mace da tsanin rumbu? Haba! Ciwo na yat taɓa mai kai."

Ga abin da take nufi. Kwana uku kafin ya cika, Baba ya kira yayana da ƙanena da liman, ya ce a gabansu ya bar mini tsanin rumbun iri. A wajenmu mace ba ta hawa rumbun maigida. Tana tsayawa ƙasa da ƙwarya, namiji ya shiga ya miƙo mata. Rumbun irin nan kuwa ba namu ba ne mu kaɗai, gida goma sha ɗaya na zuriyarmu duk a nan suke ajiye abin da za su shibka. Bara fara ta cinye mana gonaki. Bana ɓeraye sun tone shibkar farko Baba yana kwance, ta biyu rana ta ƙone ta bayan ya tafi. Kashi ɗaya ya rage a ciki, na ƙarshe. Rumbunan ci an share su da tsintsiya tun wata biyu. Matar ƙanena kuma tana da ɗiya da aka yaye kwanan nan, kullum ƙara ramewa take yi. Abin da aka bar mini ke nan, mata suna ganin an ba ni girma.

Shi ya sa na ɗauko littafin rubutun ɗan yayana na zauna. Masu yabon Baba rabi suka sani. Ina so a tuna da shi duka, har da wurin da ni kaɗai na gani.

Wanda bai san shi ba zai zaci mutum ne mai tsanani. Ko kusa. Ban taɓa ganin dattijo mai saukin sakin al'ada kamarsa ba. Yana da wata kalma da yake yi wa duk wanda ya zo masa da "ba a yi". Sai ya sosa gemu ya ce, "To, cire shi mu gani. Mi za shi faɗi?" In an duba ba abin da zai faɗi, shi ke nan, an wuce wurin.

Shekarar da dogaran sarki suka zo rubuta yara lakwal, wato makarantar boko, garinmu ya rikice. Mutane suna ɓoye ɗiyansu cikin rumbu, wasu a bayan dutse. Gwaggo ta kamo hannuna ta kawo ni gabansa, ta ce a jefa ni rumbu kafin su iso, ɗiya mace ba ta zuwa lakwal. Baba ya ce, "In ta tahi, mi za shi faɗi?" Gwaggo ta ce mutuncin gida. Ya ce, "Mutuncin gidan da ƴar shekara bakwai ka ɗauke da shi, bari shi faɗi mu huta." Ya juyo gare ni, da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, ya ce, "Uwata, tahi ki koyo mamu, mu ji abin da suke rubutawa bisa kanmu." Shekara huɗu na yi a Alela. Gwaggo ta yi wata guda ba ta gaishe shi ba.

Haka ya yi da aka buɗe izin siminti a Malbaza, yayana ya ce zai je. Dattawa suka ce babban ɗa ba ya barin gandu. Baba ya ce ya tafi, sharaɗi ɗaya: ranar da ruwan shibka ya sauka, ko injin yana cin wuta, ya ajiye ya zo gida. Ma'aikatan gona suka kawo sabon iri daga buro, wato ofishinsu, wasu suka ƙi taɓawa, shi ya karɓa ya ba shi gefen gona ya gwada. Yana cin tuwo kwano ɗaya da maƙera. Ya taɓa barin Inna, Allah ya jiƙanta, ta tafi biki Konni ita kaɗai kwana biyar, gari ya yi ta surutu, shi yana dariya.

Mushenmu, wato malaminmu na lakwal, wani Bazabarme mai son gardama, yakan biyo ta gidanmu ranar kasuwa don kawai su kafta. Wata rana ina ba su ruwa na ji yana yi wa Baba bayani, wai a ilimin Nasara kowane fanni yana da wasu ƙa'idoji na tushe, waɗanda ake gina sauran a kansu. Baba ya ce, "Guda nawa?" Mushe ya ce da yawa, ya fara lissafawa da yatsu. Baba ya kama masa hannu ya ce, "Tsaya, mushe. In sun yi yawa haka, rassa ka ke ƙirgawa. Tushe shi na wanda in ka cire, sauran duk su zube. Kuma ba ka sanin ka same shi sai ranar da yac ci maka wani abu." Mushe ya yi dariya ya tambaye shi nasa. Baba ya nuna ƙaramin rumbun da ke bayan ɗakinsa ya ce, "Bayan Allah da Manzonsa, ga shi can. Ba a cin iri."

Da kaka, kafin kowa ya sa wuƙa a gona, shi kaɗai yake shiga da hantsi, ba takalmi. Yana bin kunya-kunya yana duba zangarniya, ya murza, ya sa ƙwaya a haƙori ya ciza. Wadda ta yi masa sai ya yanke, ya ɗaure damin da igiyar kaba mai ƙulli biyu don kar a haɗa shi da na ci. Haka yake yi wa gonakin gida goma sha ɗayan nan. In sun bushe ya hau da su rumbu, ya jera, ya barbaɗa toka, ya kasa uku: shibkar farko, ta biyu in ta farko ta mutu, ta uku in Allah ya ƙara gwada mu. Ya liƙe baki da laka, ya kifa jinka. Sannan ya sauko da tsanin, wani gungumen kirya mai taki bakwai, ya shigar da shi ɗakinsa ya jingine bayan gado. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin tsanin nan ya wuni a waje ba.

Ina ƴar shekara shida na zaro zangarniya ɗaya daga dami mai ƙulli biyu, na gasa tumu a murhun Inna. Ya gan ni ina ci. Na jira duka, bai taɓa ni ba, ko tsawa bai yi ba. Sai da damina ta zo, ranar shibka, ya ja ni tsakiyar gona ya zana wuri da ƙafarsa, faɗin tabarma biyu, ya ce kar kowa ya jefa ko ƙwaya a nan. Hatsi ya tashi ko'ina ya fi ni tsawo, wurin nan yana nan fili, ƙasa tsirara. Duk ranar da na kai masa hura sai ya bi da ni ta wurin ya ce, "Uwata, ga tumunki." Damina guda cur. Da ya sani, da dukan ya yi mini, da ya fi mana sauƙi mu duka.

Yanzu na zo inda hannuna ba ya so.

Shekarar da soja suka karɓi mulki, damina biyu ke nan ba mu ga abin kirki ba. Mijina ya bi ayarin masu tafiya kudu neman abinci, har yau ba labari. Na dawo gidan Baba da ɗiyata, shekararta uku ba kaɗan. Yarinya ce mai baki, ta iya tsokana. Baba yana ce mata amaryarsa, ita kuma ta ce ba ta son tsoho mara haƙori, sai ya kama ta ya ɗora a wuya ya zaga gida da ita. In ya dawo masallaci ita ke ɗaukar masa buta.

Mun ci dussa, mun ci ganyen jiga. Mun tone gidan tururuwa muna tankaɗe ƙasa don ƴan ƙwayoyin da suka tara. Anza muke jiƙawa kwana da kwanaki muna zubar da ruwan ɗacin kafin ta ciwu. Manya suna haɗiyewa da ƙyar, cikin yarinya ya ƙi. Motar rabon abinci ta zo sau biyu ta hanyar Malbaza da jar dawa, aka ba mu ɗan abin da aka ba mu, na dama mata, ta sha ta zubar ta sama da ƙasa. Wani likita da ya biyo motar ya duba idonta, ya matsa ƙafarta wurin ya lotsa bai taso ba. Ya ce a samo hatsi a surfe shi sosai, a yi mata kunu mai ruwa-ruwa, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a wuni. Hatsi kuwa a garin nan kaf ba shi ko'ina sai wuri ɗaya, taki goma daga inda take kwance.

Na sami Baba da safe yana gyaran ƙotar sungumi. Na durƙusa. Na ce, "Baba, zangarniya biyu." Bai ɗago ba. Na ce, "Biyu tak, Baba, ba dami nic ce ba. Amaryarka ta."

Ya ajiye sungumin. Ya ce, "Uwata, gida goma sha ɗaya, wane na babu yaro kwance? In na fasa lakar ga don tawa jika, da wane baki za ni hana ta ƙanena? Kahin la'asar rumbun ga ya zama wofi. Ruwa shi zo, mu shibka mi?"

Na ce, "Ba wanda za shi sani."

Ya ce, "Ƙarar turmi za ta hwaɗa musu."

Na yi masa maganar da ɗiya ba ta yi wa uba. Na ce masa hatsi ya fi so da mutane, na ce Allah ya isa. Yana zaune yana kallon hannayensa. Daga ƙarshe ya ce, "Ba a cin iri," a hankali, kamar ba da ni yake ba.

Na tafi na kai ƙara wurin liman. Liman ya zo da kansa, suka tsaya a zaure, muryoyi suka tashi har maƙwabta suka fito. Liman ya ce rai yana gaba da komai, Allah bai ce a bar yaro ya mutu ana kallon abinci ba. Baba ya ce, "Gaskiya ta, malam. Ran wa? Na wanda ke kwance yau, ko na duk wanda za shi nemi tuwo baɗi? Zaɓa mani, ni na kasa." Liman ya ce baɗi tana hannun Allah. Baba ya ce yau ma haka. Liman ya kaɗa riga ya fita, ya rantse ba zai sake taka gidan ba. Ni dai ban ga wanda ya ci gardamar ba, na koma na tarar ɗiyata ta sake ɓata zane.

Washegari da sassafe Baba ya fito da babbar rigarsa ta Sallah a naɗe, ita kaɗai ta rage masa. Ya ce zai tafi Konni a ƙasa, an ce ana samun hatsi daga hayin iyaka, zai musanya. Ya leƙa ɗakinmu, ya daɗe tsaye a kan yarinyar. Ya ce, "Amarya, kada ki tahi ko'ina, ina zuwa da kayan aure." Ta buɗe ido ta rufe. A ƙofa ya tsaya ya ce mini, "Kwana ukku za ni yi. Yayanki shina Malbaza, ƙanenki ya bi dabbobi. Gidan ga ba kowa sai ke." Ya maimaita, "Ba kowa sai ke." Na ce a dawo lafiya, ban ko dube shi ba.

Da rana ta ɗaga na zaga baya ɗebo itace, sai na ga tsani. Yana jingine jikin rumbun iri, daidai baki, an kafa gindinsa cikin ƙasa da kyau.

Abin da ya zo mini shi ne, wayyo, tsufa da yunwa sun kama Baba, ya hau duba laka ya manta. In wani ya leƙo ta katanga ya gani fa? Garin da mutane ke tonon gidan tururuwa? Ba zan yi ƙarya ba, na tsaya, na ɗora hannu a taki na farko. Sai na ga filin nan na tsakiyar gona, faɗin tabarma biyu. Na tuna kuma ni mace ce, ƙafata ba ta taɓa hawa nan ba. Na rungumi gungumen nan, ni da ko tulu ba na iya ɗauka a lokacin, na ja shi ina hutawa, na ja ina hutawa, har na shigar da shi ɗakin Baba na jingine bayan gado. Na ɗauko tsintsiya na share sawun da ya bari a ƙasa. Har wani daɗi na ji, wai na rufa wa Baba asiri.

Ɗiyata ta cika kwana na biyu da hantsi, a kan cinyata. Ba ta yi kuka ba, ƙarfin yi ya ƙare tuni. Liman ya karya rantsuwarsa ya zo ya yi mata salla.

Baba ya iso rana ta uku da azahar, ba riga, ƙafafu sun fashe, da tiya guda ta hatsi ɗaure a bakin rawani. Tun daga zaure aka gaya masa. Ya wuce bayan ɗaki kai tsaye, ya dawo, ya shiga ɗakinsa. Da ya fito sai ya zauna daɓas a ƙasa, yana kallona baki buɗe. Na zaci mutuwar ce kawai ta buge shi.

Kwana tara bayan haka ruwa ya sauka. Kwana tara! Na fito tsakar gida na tsaya cikinsa ina zagin da ban san wa nake zagi ba. Da gari ya waye Baba ya fito da tsani, ya fasa laka, ya yi ta miƙo dami. Gida goma sha ɗaya suka karɓa. Mutanen ƙauyukan da suka cinye nasu iri suka yi ta zuwa da ƙorai, bai mayar da kowa hannu wofi ba. Maza suna gaba da sungumi suna sara, mu mata muna baya muna jefawa muna rufewa da diddige. Ni ma na jefa. Hatsin da aka hana ɗiyata, da hannuna na zuba shi cikin rami, da ƙafata na taka. Damina ta yi kyau irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Da kaka aka yi ta guɗa, yara suka yi ƙiba, kowa yana sa wa Baba albarka.

Shi kuwa tun daga ranar bai sake sa hatsi a bakinsa ba. Ba hura, ba tuwo, ba kunu, sai dawa da wake. Gwaggo ta ce ciwon ciki ne, ta yi ta kawo saiwoyi. Ni na lura, amma zuciyata ta bushe, na ce can ta matse masa. Shekara biyu muna gida ɗaya, tsakanina da shi ina kwana da sannu. Ya daina ce mini uwata, ni ma ban nema ba.

Ranar da ya ba ni tsani, bayan su yaya da liman sun fita, ya ce in tsaya. Azahar ce, zafi, ina yi masa fifita. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Sai ya ce, "Na bar miki shi waje."

Na ce, "Mi?"

"Tsani. Ranar da nit tahi Konni."

Na ce, "Na gani, Baba. Mantawa kay yi, na shigar maka."

Ya girgiza kai a kan matashi. "Shekara arba'in ban manta ba, sai rannan? Har gindi nik kafa miki don kada shi zame. Na ce miki gidan ba kowa. Sau biyu nif faɗi."

Mahucin ya faɗi daga hannuna. Na ce, "Don mi ba ka hwaɗa mani da baki ba?"

Ya ce, "Bakin ya ƙi. In na hwaɗi, ni nib buɗe, kuma sai in buɗe ma kowa. Na ce uwa ta, za ta hau, ni in dawo in yi faɗa in liƙe. Ban san na koya miki har haka ba." Hawaye suna gangara cikin kunnensa. "Don mi ba ki hau ba, uwata?"

Na ce, "Kai kah hana."

Ni dai na ji duk abin da na ɗora masa shekara biyu ya taso ya dawo kaina, kuma bai sauka daga nasa ba. Can ya ce, "Yayanki za shi buɗe ranar da matarsa ta yi kuka. Ƙanenki za shi kai kasuwa. Ke ɗai kin san abin da yac ci." Na ce ba na so, ya ba wani. Na ce ya cire ni ya gani, mi zai faɗi. Ya rufe ido ya ce, "Duka."

Ban yafe masa da baki ba, shi ma bai roƙa ba. Na ɗauki mahucin na ci gaba da fifita. Abin da ke cina ke nan in na ji ana cewa ya tafi da haske.

Na sha juya maganar da ya yi wa mushe. Na cire ta, na mayar, na sake cirewa. Da an buɗe rannan, wataƙila ɗiyata tana nan tana ɗaukar buta, wataƙila kuma ciwon ya riga ya yi nisa. Da an buɗe wa kowa, yaran da na ga suna wasa a ƙofar gida ranar zaman makoki, rabinsu ba su. Na san haka, ba sai an gaya mini ba. Sanin bai taɓa rage mini komai ba. Mutumin kirki ne, ya fi duk wanda na sani, kuma a gidansa ɗiyata ta mutu da yunwa hatsi yana bayan ɗaki.

Shekaranjiya da safe ina tankaɗe dussa, matar ƙanena ta zo ta durƙusa, ɗiyarta a baya, wuyan yarinyar ya langaɓe gefe. Da can mu biyu ba ma haɗuwa sai da tsokana, ina ce mata malalaciya tana ce mini uwar miji ta biyu. Rannan ba wasa. Ta ce, "Yaya, zangarniya biyu." Na dubi sama, fari tas, ko gizagizai babu. Na dubi ƙafar yarinyar. Na buɗe baki in ce mata tashi mu je, wallahi abin da na yi niyya ke nan, sai na ji na ce, "Gida goma sha ɗaya, wane na babu yaro kwance? Ba a cin iri." Ba ta zage ni ba, ta fi ni tarbiyya. Ta ce to, ta tashi.

Jiya na shirya zuwa Malbaza wurin yayana, ko abokan aikinsa za su haɗa mana ɗan wani abu. Kafin in fita na ja tsanin na kai bayan ɗaki, na jingine shi daidai baki, na kafa gindinsa da dutse. Na fi kowa sanin cewa tsani ba ya magana. Na je ƙofar matar ƙanena na tsaya don in faɗa mata da baki. Na ce, "Zan wuni. Maza duk suna daji." Ta ce a dawo lafiya. Na ce, "Gidan ba kowa sai ke." Sauran kuwa, na yi, na yi, bakin ya ƙi. Duk hanya ina roƙon Allah ya sa ta fi ni rashin jin magana.

Na dawo da la'asar da ɗan garin rogo a ƙulle. Ban shiga ɗaki ba, na zaga baya. Laka tana nan yadda aka liƙe ta. Ƙasa a share, har da sawun tsintsiya.

Ta fito da yarinyar a kafaɗa, tana haki, ta rage murya don kar maƙwabta su ji. Ta ce, "Yaya, kin manta tsani waje. Na shigar miki, ba wanda yag gani."

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yafe maka, ya haɗa ka da amaryarka. Ka koya mana da kyau, duk gidan ba wanda bai iya ba. Yarinyar tana numfashi har yanzu, ina jin ta daga inda nake zaune, kuma tsanin yana bayan gadona.